Abincin jirgin sama a manyan azuzuwa

Abincin jirgin sama a manyan azuzuwa shi ne abinci da abin sha, tare da hidimar da ke biye da su, waɗanda kamfanonin jiragen sama ke gabatar wa fasinjojin ajin farko da ajin 'yan kasuwa, da kuma ajin tsaka-tsaki a kamfanonin da suke da shi. Kamar abincin sauran fasinjoji, akasarinsa a ƙasa ake dafa shi, a manyan ɗakunan girki da ke kusa da filin jirgi, a sanyaya shi, sannan a ɗumama shi bayan jirgi ya tashi. Abin da ya bambanta shi da na ajin gama-gari shi ne ingancin kayan haɗi, yawan zaɓi, kwanukan da ake zubawa, lokacin da ake ba fasinja ya ci, da yawan ma'aikatan da ke kula da shi.

Kujerun gaba kaɗan ne a kowane jirgi, amma tikitinsu kan ninka na baya sau da yawa, don haka suna kawo wa kamfanonin da ke doguwar tafiya babban kaso na kuɗin shiga. Wannan ya sa abinci ya zama ɗaya daga cikin fagagen da kamfanoni ke gasa a kai. Duk da haka, abubuwa huɗu ne ke iyakance abin da za a iya yi: ƙarancin wuri a cikin jirgi, yanayin iskar sama da ke rage ɗanɗano, dokokin lafiya da tsaro, da kuma kuɗi.

Azuzuwa

Ajin farko shi ne mafi tsada. Kujerunsa kan kasance ƙalilan a can gaban jirgi, wani lokaci kowace kujera da ƙofarta kamar ƙaramin ɗaki. Ajin 'yan kasuwa na biye da shi, kuma a yawancin jiragen doguwar tafiya na yanzu kujerarsa na miƙewa ta zama gado. Ajin tsaka-tsaki yana tsakanin na 'yan kasuwa da na gama-gari: kujera mai ɗan faɗi, abinci a kwanon tangaran maimakon roba, amma duka a tire ɗaya.

Hidimar ta danganta da tsawon tafiya. A gajerun tafiye-tafiye cikin Turai, kujerar ajin 'yan kasuwa sau da yawa irin ta baya ce, sai dai a bar ta tsakiya babu kowa, kuma abinci ne babban abin da ke raba azuzuwan biyu. A tafiyar sa'o'i goma ko fiye akan ba da babban abinci bayan tashi, wani kafin sauka, da kayan marmari a tsakani.

Tarihi

Farkon al'amari

A watan Oktoba na 1919 kamfanin Handley Page Transport na Birtaniya ya fara sayar wa fasinjojinsa ƙunshin abincin rana a kan sule uku. Ana ɗaukar wannan a matsayin abincin jirgin sama na farko. A 1927 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hidimar Silver Wing a kan hanyar Landan zuwa Paris, inda ma'aikaci ke raba abincin rana a cikin jirgi, sannan a 1928 Lufthansa ta Jamus ta fara ba da abinci mai zafi tsakanin Berlin da Paris. A Amurka, Ellen Church, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zama mace ta farko da ta yi hidimar fasinjoji a jirgi a watan Mayu na 1930, a kamfanin Boeing Air Transport. A 1936 United Airlines ta buɗe ɗakin girki na musamman domin jiragenta a Oakland da ke Kalifoniya.

A wancan zamani hawa jirgi sai mai hali, saboda haka galibi babu rabon azuzuwa a cikin jirgi. A tsakiyar shekarun 1940 wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, William Maxson, ya fito da daskararren abinci da aka riga aka dafa, da tanda mai fanka da ke ɗumama shi a cikin jirgi. Tsarin dafawa a ƙasa da ɗumamawa a sama ya samo tushe daga nan.

Zamanin ƙayyade farashi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato IATA, ita ce ke tsayar da farashin tikitin ƙasa da ƙasa. Da yake an hana kamfanoni karya wa juna farashi, sai suka koma gasa da abinci. Pan Am ta ƙulla yarjejeniya da shahararren gidan abincin Maxim's na Paris, kuma a ajin farko ana turo gasasshen nama a kan keken abinci a yanka shi a gaban fasinja.

A 1952 aka shigo da aji mai rahusa a hanyar Tekun Atlantika, sannan a 1958 aka ƙara ajin gama-gari, wanda IATA ta ce sanwic kaɗai za a riƙa bayarwa a cikinsa. Kamfanin SAS na ƙasashen Sikandinabiya da wasu kamfanonin Turai suka riƙa cika sanwic ɗinsu da nama da kifi har ya zama cikakken abinci. Kamfanonin Amurka suka kai ƙara, sai da IATA ta zauna ta fayyace cewa sanwic ɗin ya kasance mai sanyi, marar ado, marar tsada. Jaridu suka yi wa rikicin laƙabi da yaƙin sanwic. Daga wannan zamani ne kuma al'adar KLM ta Holan ta samo asali: tun 1952 take ba fasinjojin gaba ƙananan gidajen tangaran masu launin shuɗi da fari, kuma har yau tana fitar da sabon gida kowace ranar 7 ga Oktoba, ranar da aka kafa kamfanin.

Zuwan Boeing 747 a 1970 ya ba da wuri mai yawa. Kamfanoni da dama sun mai da benen jirgin falon hutawa, Pan Am kuma ta mai da nata ɗakin cin abinci mai tebura. Jirgin Concorde, wanda British Airways da Air France suka yi aiki da shi daga 1976 zuwa 2003, kujera kusan 100 gare shi kuma aji ɗaya ne. Yakan kai New York daga Landan cikin kimanin sa'o'i uku da rabi, kuma cin abinci ne ke ɗauke mafi yawan lokacin.

Fitowar ajin 'yan kasuwa

A shekarun 1970 tikiti masu rahusa sun yawaita, sai ma'aikatan kamfanoni da ke biyan cikakken kuɗi suka tarar da kansu a kujera ɗaya da abinci ɗaya da wanda ya biya rabin kuɗinsu. Kamfanoni suka fara keɓe musu wuri. A 1978 British Airways ta fito da Club Class, Pan Am ta fito da Clipper Class, sannan a 1979 Qantas ta Ostireliya ta buɗe ajinta na 'yan kasuwa mai kujeru da abinci na daban. A 1978 ɗin ne kuma Amurka ta yi dokar sakin mara ga kamfanonin jiragenta, farashi ya zama babban fagen gasa, abincin baya ya riƙa raguwa, tazarar da ke tsakaninsa da na gaba ta ƙara faɗi.

Ajin tsaka-tsaki ya bayyana a farkon shekarun 1990 a kamfanonin EVA Air na Taiwan da Virgin Atlantic na Birtaniya. A 2000 British Airways ta sa kujerar da ke zama shimfiɗaɗɗen gado a ajin 'yan kasuwa. Singapore Airlines ta fara aiki da Airbus A380 a watan Oktoba na 2007 da ƙananan ɗakuna masu ƙofa, Emirates ta sa wurin wanka da falon hira a nata A380 a 2008, Qatar Airways kuma ta fito da Qsuite, kujerar ajin 'yan kasuwa mai ƙofa, a 2017. Da ajin 'yan kasuwa ya kusa kamo na farko, kamfanoni irin su KLM, Delta, United da Turkish Airlines sun daina sayar da ajin farko a doguwar tafiya.

Yadda ake shirya abincin

Yawancin kamfanonin jirage ba su dafa abinci da kansu. Kwangila suke bayarwa. Manyan masu wannan sana'a sun haɗa da gategroup na Suwizalan mai Gate Gourmet, LSG Sky Chefs, dnata na Dubai, SATS na Singafo, DO & CO na Ostiriya, da Newrest na Faransa, wanda ke da reshe a filin jirgin Legas. Emirates tana da nata kamfanin a Dubai, wanda ke iya fitar da abinci sama da kwano dubu 200 a rana.

Ana tsara jerin abinci watanni kafin a fara bayarwa. Kowane kwano yana da takardar da ta nuna nauyin kowane abu da hoton yadda za a jera shi, domin abin da aka dafa a Landan ya yi daidai da wanda aka dafa a Nairobi. Bayan an dafa, sai a saka abincin a na'urar sanyayawa mai sauri har ya sauko ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyos, a ajiye shi cikin sanyi, a jera a kekunan abinci, a kai gindin jirgi a motoci masu firji da ke ɗaga akwatinsu zuwa ƙofa. Tsakanin dafawa da ci akan ɗauki sa'o'i da dama, wani lokaci yini guda ko fiye. Kekunan da kwanukan suna bin ma'auni biyu, ATLAS da KSSU, waɗanda rukunoni biyu na kamfanonin Turai suka tsara, kuma ATLAS ne ya fi yaɗuwa.

A kicin ɗin jirgi ba a kunna wuta mai harshe. Tanda mai fanka ko mai tururi ce ke ɗumama abinci, cikin kimanin minti ashirin zuwa talatin. Saboda haka tsokar nama da kifi ba a ƙarasa dafa su a ƙasa; akan gasa bayansu kawai, su ƙarasa nuna a sama. Abincin da ke da romo, kamar farfesu da miyar kori, ya fi jure ɗumame, soyayyen abu kuwa laushi yake yi.

Babban bambancin manyan azuzuwa yana nan: a baya, shinkafa da miya da ganye suna zuwa a kwano ɗaya a ɗumama su tare, a gaba kuwa, musamman a ajin farko da ajin 'yan kasuwa na wasu kamfanoni, kowane abu yana zuwa a nasa mazubin, a ɗumama shi gwargwadon buƙatarsa, sannan ma'aikaci ya jera a faranti yana duban hoton. Wasu kamfanoni sun ƙara kayan aiki. Cathay Pacific ta Hong Kong, alal misali, ta sa tukunyar dafa shinkafa ta lantarki da abin gasa burodi da kaskon soya ƙwai a ajin farko.

Ɗanɗano a sararin sama

Ko da jirgi na tafiya a tsayin mita dubu 10 ko fiye, matsin iskar cikinsa daidai yake da na tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Danshin iskar kuma yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, bushewa irin ta tsakiyar hunturu. Hanci yana bushewa, jin ƙamshi ya ragu, kuma ƙamshi shi ne babban ɓangaren abin da mutum ke ji a matsayin ɗanɗano.

A 2010 Cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa Lufthansa bincike a cikin gangar jirgi da aka rage wa matsin iska. An gano cewa jin gishiri na raguwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, jin zaƙi kuma da kashi 15 zuwa 20, alhali tsami bai cika canzawa ba. Wani bincike na Jami'ar Cornell a 2015 ya nuna cewa ƙarar da ta kai ta cikin jirgi tana danne zaƙi amma tana ƙarfafa umami, wato irin garɗin da ake ji a romon nama, tumatir da daddawa. Ana danganta yawan shan ruwan tumatir a jirgi da wannan.

Masu girki kan magance matsalar da ƙarin kayan ƙamshi, lemun tsami, citta, tumatir, naman kaza da romo mai kauri, maimakon dogaro da gishiri kaɗai. A Singafo, SATS tana da ɗakin gwaji da ake rage wa matsin iska domin a ɗanɗana abinci a yanayin sama. Ruwa ma yakan tafasa a wajen digiri 92 a irin wannan matsi, abin da ke shafar shayi da gahawa. Sababbin jirage irin su Boeing 787 da Airbus A350 suna riƙe matsi na wajen mita 1,800 da ɗan ƙarin danshi, wanda ke rage matsalar kaɗan.

Tsarin hidima

Hidimar kan fara tun a ƙasa, a zauren jira na manyan fasinjoji, inda ake da abinci kyauta. Lufthansa ta buɗe gini na daban domin ajin farko a Frankfurt a 2004. A gajerun tafiye-tafiyen dare, kamar New York zuwa Landan, fasinjoji da yawa kan ci a zaure domin su kwanta da zarar jirgi ya tashi.

A doguwar tafiya tsarin da aka fi bi shi ne:

- Kafin tashi: abin sha na maraba, tawul mai ɗumi ko mai sanyi, takardar jerin abinci, da ƙaramar jakar kayan shafa da buroshi. Kamfanonin ƙasashen Larabawa da dama kan tarbi fasinjojin gaba da gahawa da dabino.
- Bayan tashi: abin sha da ɗumamammiyar gyaɗa ko makamancinta. Singapore Airlines da Malaysia Airlines sun shahara da tsiren satay a wannan mataki.
- Shimfiɗa tebur da ƙyalle, cokula da wuƙaƙe na ƙarfe, kofunan gilashi da burodi mai ɗumi.
- Abin buɗe ciki, romo ko salak.
- Babban abinci, yawanci zaɓi uku zuwa biyar: jan nama, kaza, kifi, da na marasa cin nama.
- Cuku, 'ya'yan itatuwa, kayan zaƙi, shayi ko gahawa.

A ajin farko akan ƙara ƙwan kifin nan mai tsada da ake kira kabiya, wanda Lufthansa, Emirates da Singapore Airlines suka shahara da bayarwa. Wasu kamfanoni, ciki har da Qatar Airways, suna barin fasinja ya ci abin da yake so a lokacin da yake so. Wannan tsari yana buƙatar ƙarin ma'aikata. Dokar Amurka ta wajabta ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50 saboda tsaro, amma a gaba ma'aikaci ɗaya kan kula da mutane ƙalilan.

Ba a loda kowane zaɓi daidai da yawan fasinjoji, don haka wani kan ƙare kafin a kai layin ƙarshe. Wasu kamfanoni kan fara tambayar fasinjojinsu na yau da kullum, wasu kuma sun ba da damar zaɓa ta intanet kafin ranar tafiya. Singapore Airlines ta fara irin wannan tsari a 1998 da sunan Book the Cook.

Ƙa'idojin hidimar suna da tsauri, kuma matsin da ma'aikata ke sha a kansu ya taɓa kaiwa kotu. A watan Disamba na 2014, a filin jirgin New York, mataimakiyar shugaban Korean Air, Cho Hyun-ah, ta fusata saboda an kawo mata gyaɗar makadamiya a leda maimakon a faranti. Ta sa aka mayar da jirgin ƙofa aka sauke shugaban ma'aikatan. Kotu a Koriya ta Kudu ta yanke mata ɗaurin shekara ɗaya a watan Fabrairu na 2015, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta a watan Mayu.

Mashahuran masu girki da abincin gida

Kamfanoni da yawa suna haɗa kai da sanannun masu girki. Qantas tana aiki da Neil Perry tun 1997, Singapore Airlines ta kafa kwamitin masu girki na ƙasashe daban-daban a 1998, Air France kuma ta yi aiki da irin su Joël Robuchon da Anne-Sophie Pic. Aikin waɗannan shi ne tsara kwanon. Ma'aikatan kamfanin kwangila ne ke dafa shi kowace rana. Turkish Airlines da Austrian Airlines kuwa suna sa kuku da fararen kayansa a cikin jirgi, yana ɗaukar oda yana kula da ɗumamawa da jerawa.

Kamfanonin ƙasa kan yi amfani da abinci wajen nuna al'adar ƙasarsu. ANA da Japan Airlines suna ba da cikakken abincin gargajiyar Japan mai ƙananan kwanuka da yawa, Korean Air ta shahara da bibimbap, wato shinkafa da ganyaye da yaji da fasinja ke cakuɗawa da kansa. Ethiopian Airlines ta Habasha, wadda ke zirga-zirga zuwa Kano, Abuja, Legas da Yamai, tana ba da injera da miyar kaza ta doro wat a ajinta na Cloud Nine a doguwar tafiya.

Abinci na musamman, halal da azumi

Kamfanonin jirage suna amfani da lambobi masu haruffa huɗu domin abinci na musamman, kuma yawanci sai an nema sa'o'i 24 zuwa 48 kafin tashi. Daga cikinsu:

- MOML: abincin Musulmi, babu naman alade, babu giya a cikin haɗinsa.
- KSML: abincin kosha na Yahudawa, wanda ke zuwa a rufe da hatimi.
- HNML: abincin Hindu, babu naman shanu.
- VGML: babu nama, kifi, ƙwai ko madara.
- DBML: na masu ciwon sukari.
- LSML: mai ƙarancin gishiri.
- GFML: na waɗanda alkama da danginta ke yi wa illa.
- CHML da BBML: na yara da na jarirai.

Emirates, Etihad, Qatar Airways, Saudia, Turkish Airlines da Malaysia Airlines duk abincinsu halal ne, El Al ta Isra'ila kuma duk nata kosha ne. A sauran kamfanoni batun ya fi shafar manyan azuzuwa fiye da yadda ake zato, domin girkin Turawa na alfarma kan sa giya a cikin romo da kayan zaƙi, kuma akan yi amfani da jelatin da ake samu daga fata da ƙashin dabba. Abincin da aka nema na musamman sau da yawa yana zuwa a shirye a tire ɗaya, ba tare da zaɓin da ke cikin takardar jerin abinci ba.

Halaccin abinci da batun giya abubuwa ne daban. Emirates, Etihad, Qatar Airways da Turkish Airlines suna ba da giya ga mai so, alhali Saudia, Kuwait Airways, Royal Brunei da Pakistan International Airlines ba su bayarwa sam. A watan Ramadan kamfanonin yankin Gulf kan raba akwatin buɗa-baki mai dabino, ruwa, nono da sanwic, kuma akan sanar da lokacin shan ruwa bisa faɗuwar rana a inda jirgin yake a lokacin.

Lafiya da tsaro

Gurɓataccen abinci a jirgi yana da haɗari na musamman, domin mutane da yawa ke cin abu ɗaya kuma asibiti na nesa. A watan Fabrairu na 1975, mutum 197 sun kamu da rashin lafiya a jirgin Japan Airlines da ya taso daga Tokyo zuwa Kopenhagen ta Anchorage, bayan sun ci wainar ƙwai mai naman alade. Mai girkin da ya haɗa ta yana da miki a hannu, kuma an ajiye ta sa'o'i da yawa ba cikin isasshen sanyi ba. An kwantar da 144 a asibiti. Matuƙan sun tsira saboda wani abinci daban suka ci. Kamfanoni da yawa suna da ƙa'idar cewa matuƙi da mataimakinsa kada su ci abinci iri ɗaya.

Tsada ba ta kare abinci daga ƙwayoyin cuta. A 1984 ƙwayar salmonela da ke cikin kayan buɗe ciki na ajin farko da na Concorde a British Airways ta kwantar da ɗaruruwan fasinjoji da ma'aikata. A 1992 jatan landen da aka loda a Lima ya sa wa sama da mutum 70 kwalara a jirgin Aerolíneas Argentinas mai zuwa Los Angeles, mutum ɗaya ya mutu. Abincin sanyi da ba a sake ɗumamawa, wanda ya fi yawa a gaba, shi ne ya fi buƙatar kulawa. A yau ɗakunan girkin suna bin tsarin HACCP, wanda aka fara ƙirƙira domin abincin 'yan sama-jannatin Amurka, inda ake auna zafi da sanyi a rubuta a kowane mataki.

Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 an maye wuƙaƙen ƙarfe da na roba har a ajin farko, kafin a dawo da su sannu a hankali. Gargadar iska ma tana shafar hidima. A ranar 21 ga Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan ya faɗa mummunar gargada a sararin Myanmar ana cikin raba karin kumallo; fasinja ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, jirgin ya sauka a Bangkok. Bayan haka kamfanin ya daina raba abinci duk lokacin da fitilar ɗaura bel take kunne, na ɗan wani lokaci. A watan Agusta na shekarar Korean Air ta daina ba da taliyar kofi mai ruwan zafi a ajin gama-gari saboda haɗarin ƙuna, amma ta bar ta a gaba inda babu cunkoso.

Kuɗi da shara

Kuɗin hidimar bai tsaya kan kayan abinci ba. Tangaran, gilashi, ƙarfe da ƙyalle suna da nauyi, kuma kowane kilo yana cin man jirgi. Akwai kuma wanki, fashewa, ɓacewar cokula, da wurin da kicin ke cinyewa wanda da kujeru za a sa. Saboda yawan tashin jirage, ɗan ragi yana tara kuɗi. Labarin da aka fi bayarwa a kan haka shi ne na shugaban American Airlines, Robert Crandall, wanda aka ce ya sa an cire ƙwayar zaitun ɗaya daga kowane salak a shekarun 1980.

IATA ta ƙiyasta cewa a 2017 jiragen fasinja sun tara shara tan miliyan 5.7, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin biyar abinci ne da abin sha da ba a taɓa ba. Yawan zaɓi a gaba yana nufin loda fiye da abin da za a ci. Dokokin kare lafiyar dabbobi a Tarayyar Turai, Amurka, Ostireliya da wasu ƙasashe sun wajabta ƙona ko binne ragowar abincin da ya tsallako iyaka, don haka ba a iya rabar da shi ga mabuƙata. Zaɓen abinci tun kafin tafiya yana rage wannan asara, kuma a 2020 Japan Airlines ta fara ba fasinja damar sanar da cewa ba zai ci ba.

A lokacin annobar korona a 2020, kamfanoni da yawa sun dakatar da shimfiɗa tebur da jera faranti, suka koma ba da abinci a rufe a akwati har a ajin 'yan kasuwa. A watan Oktoba na shekarar Singapore Airlines ta mai da A380 da ke ajiye a filin Changi gidan cin abinci na wucin gadi, kuma tikitin ya ƙare cikin ƙanƙanin lokaci. Daga 2022 cikakkiyar hidima ta dawo a yawancin kamfanoni, ajin tsaka-tsaki kuma ya ci gaba da yaɗuwa, inda Emirates da KLM suka shiga sahun masu sayar da shi.